Ƙafar da Kunkuru Bai Miƙa Ba

Ina tsakiyar ɗinka hannun wata riga Yaya ya faɗo shagona ko sallama babu, ya wurgo min jaket a kan keke. Saura ƙiris allura ta huda min yatsa.

"Ki cire tambarin nan," ya ce. "Ki kawo min ita gareji kafin rana ta faɗi, muna da zama."

Ba sai na juya jaket ɗin ba na gane mai ita. Tun da Yaya ya kafa ƙungiyarsu ta masu manyan babura ni ce telarsu, duk tambarin da ke ƙirjin kowannensu daga kekena ya fito. Wannan ɗan ƙarami ne, ruwan ɗorawa, wanda ake liƙa wa sabon shiga. Da hannuna na ɗinka shi, har layi biyu na yi masa don kada ya kwance, saboda jaket ɗin Malam ce. Malam kuwa shi ne mutumin da nake so, yake sona, Yaya ya tsaya mana a tsakani.

"Me ya yi?" na ce.

"Ba ki ji ba? Kawu Mai Fenti yana kwance a asibiti da karaya a kafaɗa. Saurayin naki ne ya kwantar da shi."

"Bige shi ya yi?"

"Da bige shi ya yi ai da sauƙi. Ƙafa ce bai miƙa ba."

Na ɗago na dube shi da kyau. Yaya magidanci ne mai 'ya'ya, har furfura ta fara tsirar masa a gemu, amma idan yana maganar babur sai ka rantse alƙali ne yake karanta hukunci.

Tun da Babanmu ya rasu maganar aurena ta koma hannunsa. Ranar da Malam ya je gaishe shi, Yaya bai tambayi asalinsa ba, bai tambayi makarantar da yake koyar da lissafi ba. Tambaya ɗaya ya yi masa, ko yana hawa babur. Malam ya ce a'a, a ƙafa yake zuwa aiki. Yaya ya ce to shi ba zai ba da ƙanwarsa ga mutumin da bai taɓa ganin halinsa a titi ba, domin a titi ake sanin namiji. Ban san a wane littafi ya karanta wannan ba. Sharaɗin dai shi ne Malam ya shiga ƙungiya, idan suka amince da shi suka ba shi babban tambari, sai ya turo magabatansa.

Bawan Allah bai yi musu ba. Ya nemo wani tsohon babur da ya fi shi nauyi, ya yi ta faɗuwa da shi a filin makaranta har gwiwoyin wandunansa suka ƙare, ni nake yi musu faci. Saboda sanyin tuƙinsa suka raɗa masa Kunkuru. Ni sunan ƙona min rai yake yi, shi kuwa har murmushi yake idan an kira shi.

Dokar ƙafar na san ta, don na gaji da jin ta a tsakar gidanmu. Idan sun fita suna tafiya a jere, na gaba ne kawai yake ganin titi sosai. Idan ya hango rami sai ya sauke ƙafa ya nuna wajen, na bayansa ya yi haka, na bayan wancan ma ya yi, har ta kai ga na ƙarshe. Sabon shiga a bayan shugaba ake sa shi. Jiya Yaya ya miƙa ƙafa, Malam ya bi shi ya kauce wa ramin amma bai miƙa tasa ba. Kawu Mai Fenti, dattijon ƙungiya, shi ne a bayansa.

"Yaya," na ce, "mutumin nan bai daɗe da koyon tsayar da babur ba tare da ya kife ba. Wa ya koya masa alamun?"

"Wannan ba maganarki ba ce. Ke dai ki cire."

"Aurena ne a jikin wannan tambarin, ka ce ba maganata ba ce?"

"Auta, mutumin da zai ga rami ya ceci kansa ya bar na bayansa, shi kike so in damƙa ki a hannunsa?"

Bai jira amsa ba ya fita. Na ji tashin babur ɗinsa har gilashin shagona ya girgiza. Na ɗauki reza, na kalli tambarin, na mayar da rezar cikin gwangwanin maɓallai.

Da aka tashi daga makaranta sai ga Malam. Ya tsaya daga bakin ƙofa, alli a hannun rigarsa, idanunsa sun yi ja. Na ture masa kujerar da masu kawo ɗinki suke zama, ya zauna a bakinta kawai.

"Daga asibiti nake," ya ce. "An ɗaure masa kafaɗar. Har tsokanata ya yi."

"Ka ga ƙafar Yaya ko ba ka gan ta ba?"

"Na gan ta."

"To me ya hana ka miƙa taka?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka ƙafar tasa ce ta sage, yana miƙe ta."

Da a wata rana ce da na yi dariya har da riƙe ciki. Yau kuwa hawaye ne suka cika min ido, don na gane ko sau ɗaya ba a taɓa gaya masa ba.

"Wa aka haɗa ka da shi ya koya maka alamun hanya?"

Ya kama kakkaɓe allin hannun rigarsa.

"Malam, ni ce nake ɗinka muku kaya, na san tsarinku fiye da kai. Mai rufe baya, na ƙarshe a jere, shi ne yake koya wa sabon shiga. Walƙiya ne ko ba shi ba?"

"Shi ne."

Walƙiya aminin Yaya ne tun suna yara, mai shagon sayar da taya a bakin babban titi. Ya nemi aurena na ce a'a, ya sake nema na sake cewa a'a, daga nan ya daina tambayata ya koma tambayar Inna.

"Me ya koya maka?"

"Cewa ya yi kawai in riƙa bin bayan Shugaba, sauran zan gani da idona."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Na miƙe tsaye har awon da ke wuyana ya faɗi ƙasa. "To yau a zaman nan za ka faɗi haka. Kamar yadda ka faɗa min, kalma ɗaya ba za ka rage ba."

"Auta, abin ba haka yake ba."

"Yaya yake?"

"Ba a yin haka a cikinmu. Ɗan ƙungiya ba ya ɗora laifinsa a kan ɗan'uwansa a gaban jama'a. Idan kana kan babur, abin da ya faru naka ne."

A cikinmu. Na maimaita kalmar a raina. Mutumin da suke bari a baya idan an tsaya shan shayi, wanda suke ba wa tsaron hulunan kwano su shige su bar shi a rana, shi ne yau yake ce min a cikinmu.

"Don wa ka shiga ƙungiyar nan?" na tambaye shi.

"Don ke."

"To ni nake roƙonka. Yaya ya ce in cire tambarinka. Ka san abin da hakan yake nufi. Idan aka kore ka yau, gobe Walƙiya zai turo mutanensa, Inna kuma da murna za ta shimfiɗa musu tabarma. Ba ƙarya na ce ka yi ba, Malam. Gaskiya kawai."

Hawayen suka zubo, ban goge su ba, na bar shi ya gani. Ya ciro hankici ya miƙo min, na ƙi karɓa.

"Ki daina kuka, don Allah. Zan san abin yi."

"Ba sanin abin yi nake so ba. Alkawari nake so."

"Zan san abin yi," ya sake cewa, ya tashi ya tafi.

Na rufe shago da wuri na biya gida in wanke fuska. A ƙofar gida na tarar da jan babur ɗin Walƙiya yana ta sheƙi. Mai shi yana zaune a falo, Inna ta cika masa gaba da lemo da ruwan sanyi, sai fara'a take yi har haƙoran da ba ta nuna mana ta nuna masa.

"Ga 'yar halak," in ji Inna. "Zo ki gaida yayanki. Ya zo yi mana jaje ne a kan abin da ya faru."

"Wa ya mutu?" na ce.

Inna ta harare ni. Walƙiya ya yi ɗan murmushi, yana juya makulli a yatsa.

"Ki yi haƙuri, Auta. Ni kaina na so yaron nan ya ɗore. Amma titi ba aji ba ne."

"Ai ko a aji sai an koya wa ɗalibi ake yi masa jarrabawa. Kai me ka koya masa?"

Makullin ya daina juyawa. Ya dubi Inna, ya dube ni, ya ce lokacin zama ya kusa, ya miƙe. Ko rabin lemon bai sha ba.

Yana fita Inna ta hau ni.

"Ke wace irin yarinya ce? Mutum ya zo gidanku da mutuncinsa ki watsa masa ƙasa a ido?"

"Inna, shi ya haɗa wa Malam wannan abin."

"Ni ban san wannan ba. Abin da na sani, yaron nan a gabana ya girma. Ranar da Babanku ya faɗi, shi ya ɗauko likita a kan babur ɗinsa cikin ruwan sama. Shi wancan naki me ya taɓa yi mana ban da durƙusa gaisuwa?"

"To don ya ɗauko likita sai a biya shi da ni?"

Inna ta zauna a hannun kujera, ta kama gefen zanenta tana share ido. Ta san kukanta yana kashe min jiki, shi ya sa take ajiye shi sai ranar buƙata.

"Ni dai so nake in ga kin zauna a inda na sani kafin in bi Babanku. Ki bar ni in huta, Auta. Duk sa'o'inki sun yi aure, ke kina nan kina jiran kunkuru ya iso."

Na durƙusa na riƙe gwiwarta. "Inna, zai iso. Yau zai buɗe baki ya faɗi gaskiya, Yaya zai ji. Ki ba ni yammacin nan kawai."

Na ɗauki jaket ɗin a leda na fita.

Garejin Yaya rumfa ce mai faɗi a bayan gidan mai, ƙasanta baƙi ƙirin da tsohon man inji. Baburan suna jere a gefe ɗaya, kowanne da hular kwano a rataye. Mazan suna zaune a kan benci da tsofaffin tayoyi. Akwai direba a cikinsu, akwai mai gyaran waya, akwai wani ma'aikacin banki da yake tuɓe kwat ya saka rigar fata. Malam yana tsaye a tsakiya, hannuwansa a baya, kamar ɗalibin da ya makara.

Yaya ya karɓi ledar, ya zaro jaket ɗin, ya ga tambarin yana nan daram.

"Me na ce ki yi?"

"Rezata ba ta ci," na ce. "Kuma ina da magana."

"Wanda ba ɗan ƙungiya ba ba ya magana a zaman ƙungiya."

"Amma yana ɗinki. Duk wanda ke nan ya duba ƙirjinsa, zaren wa yake gani? Na taɓa kawo muku tambari a karkace? To yau ɗaya ku saurare ni. Ba a koya wa Malam alamar ƙafa ba. Wanda aka ɗora wa koya masa cewa ya yi ya bi bayan Shugaba kawai. Ga shi can a zaune, ku tambaye shi."

Walƙiya ya gyara zama, ya ce, "Shugaba, yanzu kuma mata ne za su riƙa yanke mana hukunci?"

Yaya bai kalle shi ba. Malam ya kalla.

"Kunkuru, ka ji abin da ƙanwata ta ce. Maganarta ba ta da nauyi a nan, taka ce mai nauyi. Idan akwai wanda ya gaza a kanka, ka kira sunansa, mu bincika. Idan kuma laifinka ne, ka bar jaket ɗin ka fita, maganar Auta kuma ka manta da ita har abada. Ba na magana biyu, kowa a nan ya sani."

Na matsa kusa da Malam har ina jin ƙamshin allin rigarsa.

"Ka faɗa," na ce a hankali. "Suna ɗaya ne. Don girman Allah ka faɗa."

Bai dube ni ba. Bencin yake kallo, yana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, ni ce. Ka tuna facin da na yi ta yi maka. Ka tuna ka ce ko me aka ɗora maka za ka ɗauka saboda ni. Yau ba kaya aka ɗora maka ba, baki kawai za ka buɗe."

Kuka nake yi sosai a gaban ƙattin nan, ban damu ba. Mai gyaran waya ya kawar da kai. Na ga Malam ya buɗe baki, zuciyata ta ce ga shi nan zai fito.

"Shugaba," ya ce, "ni ne a kan babur. Ni na ga ƙafarka ban miƙa tawa ba. Laifina ne, babu na kowa."

Na dafa wani babur da ke kusa. An ce ba a taɓa babur ɗin wani ba izini, amma babu wanda ya yi min magana.

Yaya ya daɗe yana kallonsa. Sai na ga abin da ban yi tsammani ba, na ga gemunsa yana motsi da murmushi.

"Tun jiya na sani," ya ce. "Muna kai Kawu asibiti ya kama hannuna ya ce in tambayi mai rufe baya abin da ya koya wa yaron nan. Na tambaye shi a bakin ƙofar asibiti, ya yi ta kame-kame." Ya juya ga Walƙiya. "Ni da kai tun muna yawo ba takalmi muke tare. Saboda mace ka bar dattijo ya faɗa rami. Ka sauka daga rufe baya. Sauran maganar ni da kai ne."

Walƙiya ya miƙe, ya fizgi hular kwanonsa, ya tura babur ɗinsa waje ba tare da ya tayar da shi ba.

"Kai kuma," Yaya ya ce wa Malam, "na so in ga ko za ka sayar da ɗan'uwa don ka tsira. An matsa maka ta inda ya fi ciwo, ba ka sayar ba. Irin mutumin da nake so a bayana ke nan."

Mazan suka miƙe gaba ɗaya. Wannan ya bubbuga masa kafaɗa, wancan ya rungume shi, ma'aikacin banki ya tayar da babur yana ta murza shi har rumfar ta ɗauki ƙara. Sai Kunkuru, Kunkuru kake ji ta ko'ina.

Ni kuwa ina tsaye a inda nake. Tun jiya Yaya ya sani. Ya bar ni na yini ina kuka a shago, na yi kuka a gwiwar Inna, na zo na yi a gaban abokansa, duk don ya gwada mutuminsa. Ashe ni ce inda ya fi ciwon. Wani irin baƙin ciki ya taso min, ya busar da hawayen ƙarƙaf.

Malam ya kuɓuce daga hannunsu ya nufo ni, fuskarsa tana haske, idanunsa cike da ƙwalla. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin wannan ba, ko ranar da na fara ce masa ina sonsa.

"Auta, kin ji? An amince. Ya wuce."

"Tsaya daga nan," na ce. "Tambaya ɗaya zan yi maka. Lokacin da ka ce laifinka ne, ka san Yaya ya riga ya san gaskiya?"

"Wallahi ban sani ba."

"Ko zato ba ka yi ba?"

"Ko kusa."

Yana faɗa yana murmushi, yana ganin abin yabo yake faɗa.

"Ka ji ya ce idan ka amsa laifi ka manta da ni har abada?"

Murmushin ya fara raguwa. "Na ji."

"Ka yarda da gaske yake?"

"Shugaba ba ya magana biyu."

"Ina tsaye a gefenka ina kuka, ka ji haka, ka yarda da haka, ka kuma amsa."

Wanda yake murza babur ya kashe shi.

Yaya bai lura da komai ba. Ya taho yana dariya, ya dafa kafaɗar Malam da hannu ɗaya, ya miƙo min jaket ɗin da ɗayan.

"To, 'yar rigima, kin samu abin da kike so. Gobe ki ɗinka masa babban tambari. Kai kuma ka gaya wa magabatanka ƙofa a buɗe take, su zo duk ranar da suka shirya."

Ban karɓi jaket ɗin ba. Na gyara mayafina, na dubi Malam, sannan na dubi Yaya.

"Su zo wajenka, Yaya," na ce. "Ai kai ya zaɓa."

Na ratsa ta tsakanin baburan na fita titi.